Gurbi na 18: Yadda wata ƙungiyar NFL ta ba da tsohon hannu ta ɗauki sabon shiga

Wannan nazari ya bi sawun shawara guda da wata ƙungiya ta yanke a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, daga farkon 2022 zuwa tsakiyar 2025. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, ko na babban manajanta, ko na samari biyun da aka ɗora a kan sikeli. Wanda ke bin gasar zai gane su tun daga ranaku da alƙaluma. Abin da nake bi shi ne lissafin da aka yi da kuma inda ya kai su.

Abin da ya kamata a fara sani

A wannan wasa akwai mai jifa, wanda ke karɓar ƙwallo ya wurga ta gaba, akwai kuma mai cafka, wanda ke tserewa masu tsaro ya cafke ta a iska. Ana auna aikin mai cafka da abu uku: sau nawa ya cafke, yadi nawa ƙwallon ta ci gaba ta hannunsa, da sau nawa ya kai ta gidan ƙarshe, abin da ke ba da maki shida, wanda zan riƙa kira ci. Yadi bai kai mita ba da kaɗan. Mai cafkar da ya haura yadi 1,000 a kaka ɗaya ana lissafa shi cikin gwanaye.

Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kuma ba sa sayen matasa yadda ake yi a Turai. Kowace shekara a ƙarshen Afrilu ake zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye ita ke fara ɗauka. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa, albashin sabon shiga ƙayyadadde ne gwargwadon gurbin da aka ɗauke shi, na shekara huɗu. Akwai kuma iyakar da aka sa wa jimillar albashin kowace ƙungiya: a 2022 dala miliyan 208.2 ce. Waɗannan ƙa'idoji biyu su ne suka haifi matsalar. Ɗan wasan da ya nuna kansa yana tsada ranar da kwantiraginsa na farko ya zo ƙarshe, alhali ga wasu matasa can a layi waɗanda za a samu da kuɗi kaɗan.

2019 zuwa Janairun 2022: saurayin da ake da shi

Ƙungiyar ta ɗauki mai cafkar nan a 2019, a zagaye na biyu, gurbi na 51. A kakarsa ta farko ya cafke 52, yadi 1,051, ci takwas. A ta biyu ya cafke 70, yadi 1,075, ci 11, cikin wasa 14. A ta uku, 2021, ya cafke 63, yadi 869, ci biyar, cikin wasa 13. Jimilla cafka 185 ke nan, yadi 2,995, ci 24.

Alƙaluman sun fi nauyi idan aka tuna irin ƙungiyar da yake ciki. Ba masu yawan jifa ba ne. Ƙarfinsu yana ga wani ƙaton mai gudu da ƙwallo wanda ya yi yadi 2,027 a ƙasa a 2020 shi kaɗai. Tsarin shi ne a yi ta miƙa wa ƙaton har masu tsaro su matso, sannan mai jifa ya yi kamar zai sake miƙa masa, ya juyo ya wurga wa mai cafka a tsakiyar fili. Saurayin nan an halicce shi don wannan aiki: kakkaura ne, kilo kusan 102, idan ya cafke ƙwallo a guje mutum ɗaya ba ya kayar da shi cikin sauƙi.

Yana da nasa raunin. Bayan kakar 2020 an yi masa aiki a gwiwoyinsa biyu. A 2021 ciwon cinya da na ƙirji sun hana shi wasa huɗu. To amma waɗannan wasanni huɗun ma sun faɗi wani abu: ƙungiyar ta ci ɗaya ta sha kaye uku, alhali a wasanni 13 da ya buga ta ci 11. Ta gama kakar da nasara 12 da rashin nasara biyar, ta ɗaya a ɓangaren AFC, ɗaya daga ɓangarori biyu na gasar. Ranar 22 ga Janairun 2022 Cincinnati Bengals ta fitar da ita a gida a zagayen sili-ɗaya-ƙwale da maki 19 da 16, bayan abokan hamayya sun cafke jifar mai jifanta sau uku. A wannan wasa mai ɗaci saurayin ya cafke biyar, yadi 142, ci ɗaya. Shi ne wasansa na ƙarshe a rigarsu, yana da shekara 24. Duk da haka zan riƙa ce masa tsohon hannu, domin a bambanta shi da wanda ya gaje shi.

Maris 2022: kasuwa ta tashi

Saura masa shekara ɗaya a kwantiraginsa, sai farashin masu cafka ya yi tashin gwauron zabi cikin mako biyu. Jacksonville ta ba Christian Kirk dala miliyan 72 na shekara huɗu, mutumin da a lokacin bai taɓa yin yadi 1,000 ba. Las Vegas ta karɓo Davante Adams daga Green Bay ta ba shi miliyan 140 na shekara biyar. Miami ta karɓo Tyreek Hill daga Kansas City a kan miliyan 120 na shekara huɗu, wato 30 a shekara. Duk wani matashin mai cafka da aka ɗauka a 2019 ya ga wannan, wakilinsa ma ya gani.

Aljihun ƙungiyar kuwa a matse yake. Mai jifanta shi kaɗai zai ci dala miliyan 38.6 daga iyakar albashin 2022, mafi yawa a duk gasar a shekarar. A watan ne ta sabunta wa wani mai tsaro a kan miliyan 87.5, kuma ga wani babban mai tsaron yana jiran nasa. Ta sallami tsohon tauraron mai cafka da ta kawo a 2021 wanda ciwo ya hana shi kataɓus, ta kawo wani mai shekara kusan 30 da ke farfaɗowa daga tsinkewar jijiyar gwiwa.

An zauna ciniki da tsohon hannun. Yadda shi ya faɗa wa 'yan jarida daga baya, an yi masa tayin miliyan 16 a shekara, wanda zai iya kaiwa 20 idan ya cika wasu sharuɗɗa, kuma ya ce da an ba shi 22 da ya zauna. Cinikin ya cije, ya ƙaurace wa atisayen ganin dama na Afrilu. A farkon watan ne kocin ƙungiyar ya faɗa a wata hira cewa muddin shi ne koci ba za a sayar da yaron ba.

Afrilu 2022: sikelin

A nan ne aka fara kwatanta shi da matasan da ke shigowa. Zaɓen shekarar cike yake da masu cafka, kuma akwai ɗaya daga wata jami'ar kudancin Amurka wanda masu sharhi suka yi ta cewa hoton tsohon hannun ne. Nauyinsu kusan ɗaya. Sabon ya fi tsawo da kaɗan. A taron gwajin da ake yi a Indianapolis, tsohon hannun ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.49 a 2019, sabon ya yi 4.55 a 2022. A kakarsa ta ƙarshe a jami'a sabon ya cafke 66, yadi 1,104, ci 11, a rukunin jami'o'i na SEC, rukunin da shi ma tsohon hannun ya fito. Duka biyun an san su da gudu bayan cafka da ture masu tsaro.

Sai kuma kuɗi. Wanda aka ɗauka a gurbi na 18 a 2022 zai karɓi kimanin dala miliyan 14.4 a shekara huɗu gaba ɗaya, abin da bai kai albashin shekara ɗaya na tayin da tsohon hannun ya ƙi ba. Idan sabon ya ba da ko da kashi uku cikin huɗu na aikin, an ci riba, ragowar kuɗin ya tafi wani gurbin.

Akwai kuma misalin da kowane manaja ke tunawa a lokacin. A Maris 2020 Minnesota ta ba Buffalo mai cafkarta Stefon Diggs, ta karɓi gurbi na 22, ta ɗauki wani mai cafka, Justin Jefferson, shi kuwa ya yi yadi 1,400 a kakarsa ta farko. Hanya ce da aka ga wani ya bi ya fita lafiya.

Abin da bayanan masu nazarin matasa suka nuna a kan sabon, wanda ba ɓoyayye ba ne, shi ne yadda jami'arsa ta yi amfani da shi. Yawancin lokaci daga ciki yake tsayawa, inda mai tsaro ba ya tsaya masa ƙirji da ƙirji, kuma sau da yawa gajeriyar jifa ake yi masa a bar shi ya yi gudu. Bai saba da yawan hanyoyin da ake buƙatar mai cafka na waje ya iya bi ba. Wannan abu ne da ake koyo, amma koyo na cin lokaci.

28 ga Afrilu 2022: daren zaɓe

A Las Vegas aka yi zaɓen. Kafin a kai gurbi na 18 an riga an kwashe masu cafka biyar: Drake London a na takwas, Garrett Wilson a na goma, Chris Olave a na 11, Jameson Williams a na 12, Jahan Dotson a na 16. Sai aka sanar cewa ƙungiyar ta ba Philadelphia Eagles tsohon hannun, ta karɓi gurbi na 18 da na 101. A daren Philadelphia ta ba shi kwantiragin dala miliyan 100 na shekara huɗu, miliyan 57 daga ciki tabbatattu. Da gurbi na 18 ƙungiyar ta ɗauki sabon. Kyamarar da ke ɗakin shugabannin ta nuna kocin ya miƙe daga kujera yana zagaye yana kaɗa kai.

Philadelphia ma ta yi irin wannan awon, sai dai ta fito da amsa dabam, kuma tana da dalili. A 2019 ta ɗauki J.J. Arcega-Whiteside a zagaye na biyu bai yi komai ba. A 2020 ta ɗauki Jalen Reagor a gurbi na 21, gurbi ɗaya tak kafin Jefferson, shi ma bai kai ba. Sai a 2021 ta dace da DeVonta Smith. Ɗaya cikin uku ke nan, kuma da kuɗinta ta sayi wannan sani. Mai jifanta, Jalen Hurts, yana kan albashin sabon shiga, saboda haka tana da sararin biyan mai cafka mai tsada.

Kakar 2022

Tun a atisayen farko na Mayu sabon ya kasa ƙarasa horo saboda numfashi, daga baya wani mai horarwa ya bayyana cewa yana da asma. Ya murmure ya fara kaka. A mako na huɗu ya ji rauni a babban yatsan ƙafa, ya rasa wasa huɗu. Ranar 17 ga Nuwamba a Green Bay ya yi wasansa mafi kyau, cafka bakwai, yadi 111, ƙungiyar ta ci, ta kai nasara bakwai da rashin nasara uku. A wannan dare shawarar Afrilu ta yi kamar za ta tsaya da ƙafarta.

Ranar 4 ga Disamba suka je Philadelphia. Sabon ya cafke ƙwallo daga yadi 25 a gidan ƙarshe, cinsa na farko da cafka, mai tsaro ya buge shi a kai amma bai saki ƙwallon ba. An fitar da shi saboda buguwar ƙwaƙwalwa, ya rasa wasa biyu. Na daɗe ina tuna wannan cafka, domin ta nuna yaron ba rago ba ne. Tsohon hannun kuwa ya cafke takwas, yadi 119, ci biyu, Philadelphia ta ci 35 da 10. Bayan kwana biyu, 6 ga Disamba, mai ƙungiyar ta kori babban manajan, wanda aka sabunta wa kwantiragi a Fabrairun shekarar, kuma a lokacin ƙungiyar ce ke jan rukuninta. Ba wannan ciniki kaɗai ke kansa ba, domin zaɓensa na zagayen farko na 2020 da na 2021 duka ba su yi albarka ba.

Ƙungiyar ta sha kaye a wasanni bakwai na ƙarshe a jere, ta gama da 7 da 10. Mai jifanta ya yi fama da idon sawu, masu kare shi ma sun yi ta jin rauni. Sabon ya gama da cafka 33, yadi 444, cikin wasa 11. Wanda ya fi kowa yadi a ƙungiyar 527 ya yi. Tsohon hannun ya cafke 88, yadi 1,496, ci 11, ya kafa tarihin yadi a Philadelphia, wadda ta ci wasa 14 ta kai wasan ƙarshe na Super Bowl, inda Kansas City ta doke ta 38 da 35.

2023 zuwa 2025: cike gurbi

Sabon manaja ya fara da faci. A Yulin 2023 ya kawo DeAndre Hopkins, mai shekara 31, a kan miliyan 26 na shekara biyu. Wannan ya yi aiki gwargwado: cafka 75, yadi 1,057, ci bakwai. Manufar ita ce Hopkins ya ɗauke wa sabon nauyi ya samu sararin girma, amma gwiwa ta kama sabon tun a atisayen Agusta, sannan ranar 2 ga Nuwamba a Pittsburgh ya sake buguwa a kai har sai da aka ɗauke shi daga fili. Ya gama da cafka 16, yadi 221, babu ci. Ƙungiyar ta yi 6 da 11, aka kori kocin a Janairun 2024. A wannan kakar tsohon hannun ya cafke 106, yadi 1,456, ya kuma yi wasa shida a jere yana kaiwa yadi 125 ko fiye, abin da babu wanda ya taɓa yi a gasar.

A Maris 2024 ƙungiyar ta ba Calvin Ridley, mai shekara 29, dala miliyan 92 na shekara huɗu, wato 23 a shekara. Ya yi yadi 1,017. An sayar da Hopkins ga Kansas City a Oktoba. A watan ne sabon ya ji rauni a jijiyar gwiwa a wurin horo bayan wasa biyar da cafka huɗu. Ƙungiyar ta yi 3 da 14, ta ƙarshe a gasar, manaja na biyu ma ya tafi. Ranar 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans, Philadelphia ta doke Kansas City 40 da 22 ta ɗauki kofi, tsohon hannun ya yi ci ɗaya a wasan.

A Yulin 2025 sabon ya karya ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa a sansanin horo, ƙungiyar ta sallame shi, daga baya Washington ta ɗauke shi. Abin da ya bar wa ƙungiyar da ta zaɓe shi a kaka uku: wasa 27, cafka 53, yadi 699, ci ɗaya da cafka.

Hukunci

Ba na ɗora wa sabon laifi. Yatsa, gwiwa sau biyu, kai sau biyu, sannan karaya: babu mai nazarin da zai hango wannan jeri, kuma ba mu taɓa ganin abin da zai zama da lafiyarsa ba. Idan za a yi wa manajan adalci, a cire raunukan daga lissafi a duba shawarar yadda take a daren 28 ga Afrilu. Ko a haka, a ganina ba ta tsaya ba.

An auna jiki da jiki, an auna farashi da farashi, amma ba a sa wa tabbas farashi ba. Kama da wane ba ta wane. Kilo 102 da daƙiƙa 4.5 abubuwa ne da samari da yawa ke da su. Abin da ba su da shi shi ne kaka uku na shaida a gaban masu tsaron NFL, da wannan mai jifa, a cikin wannan tsari. Tazarar shekarunsu ma ba ta kai uku ba. Adams yana da 29 lokacin da aka sayar da shi, Hill 28, a nan ana iya cewa ana gudun tsufa. Mai shekara 24 kuwa shi ne ainihin abin da ake fatan gurbi na 18 ya zama bayan shekara uku idan an yi sa'a.

Misalin Jefferson ya yaudari mutane domin shi aka fi tunawa. Tarihin Philadelphia, ɗaya cikin uku, ya fi kusa da yadda zaɓe yake. Kuma ƙungiyar ba ta ɗauki gwanin shekarar ba, ta ɗauki na shida cikin masu cafka, wanda aka san yana buƙatar koyo, ta sa shi a gurbin da ake buƙatar aiki nan take, a ƙungiyar da watanni uku kafin nan ita ce ta ɗaya a ɓangarenta, da mai jifa da mai gudu waɗanda shekarunsu ke tafiya. Kansas City ta sayar da Hill ta kuma ɗauki kofi biyu a jere, gaskiya ne, amma tana da gwanin mai jifa Patrick Mahomes da wani gwanin cafka, Travis Kelce. Wannan ƙungiya ba ta da wanda zai maye wannan giɓi, kuma wasanni huɗun 2021 sun riga sun nuna mata haka.

Tsoron gwiwoyinsa tsoro ne mai tushe, matsin aljihu ma gaskiya ne. Sai dai akwai hanyoyin da ba a bi ba. Sabon kuɗin da za a ba shi daga 2023 zai fara nauyi, lokacin da iyakar albashi ta hau miliyan 224.8, sannan 255.4 a 2024. Ko ciniki ya ƙi, yana da sauran shekara ɗaya, bayanta kuma dokar gasar ta ba ƙungiya damar riƙe ɗan wasa ɗaya na shekara guda a kan ƙayyadadden kuɗi, wanda ga masu cafka a 2023 bai kai miliyan 20 ba. Seattle da San Francisco da Washington sun fuskanci irin wannan takaddama da nasu masu cafkar na 2019 a wannan bazarar, duka ukun suka daure suka biya, misali DK Metcalf na Seattle a kan miliyan 72 na shekara uku.

Abin da ya yi wa ƙungiyar aiki daga baya, Hopkins da Ridley, duka gwanaye ne da aka riga aka gani, kuma duka sun girmi wanda aka bari ya tafi. Miliyan 23 na Ridley a 2024 kashi tara ne cikin ɗari na iyakar albashi, miliyan 22 a 2022 kuwa ya haura kashi goma da rabi, saboda haka ba daidai suke ba. Amma wannan ɗan bambanci shi ne duk abin da aka tsira da shi, kuma kafin a kai ga biyansa an yi kaka biyu ba a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba, manaja ɗaya da koci ɗaya sun rasa aiki.